Tsohon Fulogi a Tiyon Birki

Nassarawa GRA, Kano
Ranar Laraba

Zuwa ga ɗana Habibu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya kai ka Gembu lafiya, Ya tsare ka a hawa da gangara, Ya haɗa ka da mutanen kirki a bakin aikinka, Ya sa dabbobin da za ka je dubawa su zama sanadin arzikinka. Amin.

Za ka yi mamakin wasiƙa daga mutumin da bango ɗaya ne tsakanin ɗakinka da nasa. Ka kuma san ban iya rubutu ba. Malam Iliya na gidan kusa da mu ne ke riƙe da biro, ni nake magana. Ya gama koyar da 'ya'yan mutane, yanzu yana so ya koya mini yadda zan yi wa ɗana magana. Na ce ya rubuta yadda na faɗa, in ta fito a karkace ya bar ta a karkace. Shi na zaɓa saboda shi coci yake zuwa. Abin da na gaya masa ba zai riga ni zuwa masallacinmu ba.

Maganar motar ce. Da safe na ce maka makullin ya ɓata, to bai ɓata ba. Yana aljihuna. Ba za ka same shi ba sai ka karanta takardar nan har ƙarshe.

Kana makarantar kwana lokacin da aka yi yawancin abin da zan faɗa, don haka bari in ɗauko daga farko.

Shekara talatin da ɗaya ina jan marigayi Alhaji mai gidan nan. Ban taɓa goga masa mota ba, ban taɓa sa shi ya makara ba. Da ya rasu, 'ya'yansa suka raba motocin kirki a tsakaninsu, suka bar mini gadin gida da ɗakunan baya, da tsohuwar jif ɗin da yake zuwa gona da ita, wadda injinta ya buga tun yana raye. Babban ɗansa, wanda suke kira Injiniya, wanda ni na riƙa kai shi firamare ina share masa majina, shi ya miƙo mini takardunta a gaban mutane. Ya ce, "Baba Inuwa, ga wannan. Ka kira 'yan gwangwan su auna ta, ka sha shayi." Aka yi dariya. Nan take na rantse a zuciyata sai motar nan ta tashi, sai na shiga da ita har ƙofar ofishinsa na yi masa hon.

Kuskurena na farko ke nan. Kada ka taɓa fara aiki don ka kunyata wani, Habibu. Injiniya kafin ya kai bakin get ya manta ya yi maganar. Ya koma Abuja, har yau bai taɓa ganin motar tana tafiya ba. Ni kaɗai na riƙe maganar, kullum da ita nake kwana nake tashi. Wanda yake aiki da haushi sauri yake yi, kuma ba ya son a ce masa tsaya. Ban yafe wa Injiniya ba, kada ka ɗauka na yafe. Amma ba shi ya riƙe sifana ba.

Injinta na asali na fetur ne. Na ce na gas zan sa mata, wanda kuke cewa dizal, irin na da, wanda babu waya ko ɗaya a jikinsa sai ta kashewa. Har gobe ina kan bakana, babu injin da ya kai wannan ja da juriya. Na je Ƙofar Ruwa na samu wani da aka ciro daga tsohuwar bas. Suka ɗora shi a kan taya a ƙasa, suka jona batir, suka tsoma tiyo a galan. Bugu ɗaya ya tashi. Ƙasa tana rawa, hayaƙinsa bai yi shuɗi ba, ƙararsa a daidaice kamar ana daka a turmi. Na ce a ɗaure mini shi.

Mai shagon ya ce, "Baba, altanatonsa ba ya jiki, an saye. Ka ba ni mako guda in nemo maka irin nasa, mai famfo a baya."

Na ce ina da altanato a gida, na tsohon injin, lafiyarsa lau. Ya buɗe baki zai ƙara magana, na ce ni na girme shi a harkar mota. Ya sa aka ɗaure mini injin.

In za ka sayi abu, kada daɗin ƙararsa ya ɗauke maka hankali. Ka tambayi me aka cire daga jikinsa, ka tambayi aikin me abin da aka cire yake yi. In mai sayarwa da kansa ya ce ka dakata, to ka dakata. Mutumin da yake son kayansa su tafi ba ya cewa a jira a banza.

A nan tsakar gida muka yi aikin, ƙarƙashin mangwaron nan da ka sani. Ni da yayanka. Yana aiki a kamfanin roba a Dakata, ranar Lahadi kawai yake hutu, kuma duk Lahadin nan sai da na cinye masa su, wata uku cur. Muka rataya sarƙa a babban reshe muka ɗaga injin. Tabon sarƙar yana nan a jikin reshen, ka ɗaga kai ka gani. Injin ya fi na da nauyi da tsawo. Sai da muka matsar da lagireto gaba, aka fafe faranti don ya haɗu da giyabos, muka canja tankin mai. Mahaifiyarku tana faɗa kullum, wai tuwonta warin gas yake yi. Yayanka yana dariya yana cewa, "Inna, ki yi haƙuri, in ta tashi ke za mu fara kaiwa unguwa."

Abu ɗaya ya gagare mu, waldar ƙafafun da injin zai zauna a kai. Dole na aika a kira Garba na Tudun Murtala. Ba ka san shi sosai ba. Sa'ana ne, bakanike ne, shi yake gyara wa Alhaji motoci. Shekaru da yawa kafin nan, wata rana na ce wa Alhaji matsalar motarsa daga kafireto ce, Garba ya ce a gabana, "Alhaji, Inuwa direba ne, sitiyari ya sani." Alhaji ya yi dariya. Kafireton ne kuwa, amma babu wanda ya dawo ya ce na yi gaskiya. Tun ranar nake riƙe da shi.

Ya zo ya yi waldarsa, kuma ta yi kyau, ba zan ci haƙƙinsa ba. Yana naɗe wayarsa sai ya leƙa cikin bonet, ya kamo wani baƙin tiyo da ke reto. Ya ce, "Inuwa, wannan fa?"

Na ce, "Na tsohon injin ne. Wannan ba shi da wurin sa shi."

Ya ce, "To ka san na mene ne? Ka ga baƙar tukunyar nan da ke bayan fedar birki? Ita ke taya ƙafar direba. Injin fetur da kansa yake zuƙe mata iska ta tiyon nan, shi ya sa kake taɓa birki kaɗan mota ta tsaya. Injin gas ba ya zuƙa. Sai an sa masa famfo, kuma famfon a bayan altanatonsa yake. Ina altanatonsa?"

Na ce, "Ga altanato nan, yana caji."

Ya ce, "Ba caji nake tambayarka ba, malam direba. In babu famfon nan, ƙafarka kaɗai ce za ta tsayar da motar nan. Ga nauyin inji ka ƙara mata. Ka ɗora mata kaya ka kama gangara ka gani."

Da bai ce malam direba ba, wataƙila da na ji. A gaban ɗana ya faɗa. Na duba ƙasa, ga fulogogin tsohon injin a cikin kwano, tunda injin gas ba ya amfani da su. Na ɗauki ɗaya na cusa a bakin tiyon, na ɗaure da waya, na murɗe da filaya. Na ce, "Ga famfonka nan."

Garba ya dube ni, ya dubi yayanka. Ya ce masa, "Kai, kada ka ja motar nan." Ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Ka ji wannan da kyau. Za ka haɗu da masu baƙin baki a wurin aiki, waɗanda ba su iya faɗar gaskiya ba sai sun haɗa da cin fuska. Ka ji haushinsu in ka ga dama, ni ba zan hana ka ba. Amma ka raba maganar gida biyu, ka zubar da cin fuskar, ka ɗauki gaskiyar. Ni haɗa su na yi na zubar gaba ɗaya.

Motar ta tashi. Muka zaga da ita titunan GRA, babu kaya, babu kowa a hanya. Kuma ka san Kano, ina gangara a Kano? Shimfiɗe take kamar tabarma. Na taka birki, ya yi tauri, amma ta tsaya. Na ce to ina maganar Garba? Na ba yayanka ya ja. Da muka dawo get ya ce, "Baba, birkin nan sai na kusa miƙewa tsaye a kansa."

Na ce, "Ku 'yan zamani ƙafafunku na taliya ne. Mu da muka ja manyan motoci babu mai taya mu, mutuwa muka yi? Haka take. Ka taka kamar namiji."

Ya yi murmushi. Bai sake tayar da maganar ba. Shi ba ya maimaita mini magana sau biyu, haka na tarbiyyantar da shi, kuma ina alfahari da hakan a lokacin. Idan Allah Ya ba ka 'ya'ya, kada ka yi musu irin wannan tarbiyya. Ɗan da ba ya iya ce maka a'a, ranar da ka yi kuskure babu mai tare ka, kuma shi zai ɗauki kuskuren a kansa.

Da kaka ta yi, kawunku na wajen Riruwai ya aiko a zo a ɗauki masarar da ya ware wa mahaifiyarku. Ni ya kamata in je. Ƙafata ta kumbura a makon, sai na miƙa wa yayanka makulli. Na tuna maganar Garba a lokacin da nake miƙa masa. Wallahi na tuna. Na ce a raina in na hana shi, Garba ya ci ni ke nan.

Malam Iliya ya ajiye biro, ya ce mu huta. Na ce ya ɗauka. In na tsaya a nan ba zan ƙarasa ba.

Sauran ka san rabinsa. Ya yi lodin buhuna har saman mota, ya kamo hanya bayan azahar, a wata doguwar gangara motar ta faɗa kwazazzabo, rufin ya danne shi. Abin da ba ka sani ba shi ne abin da na gani da na je ɗauko motar. Wani dattijo mai sayar da rake a gindin gangarar ya kama hannuna ya ce, "Kai ne mahaifinsa? Allah Ya jiƙan yaron nan. Ba gudu ya taho da shi ba, a hankali ya fara gangarowa, muna kallonsa. Sai muka ji hon babu tsayawa. Ranar kasuwa ce, mata cike da kan kwalbati da kaya a ka. Mun hango shi ta gilashi a tsaye, kansa na dukan rufi. Da ya ga ba za ta tsaya ba, shi da kansa ya karkatar da ita rami."

Na leƙa cikin motar. Fedar birki ta lanƙwashe. Ƙarfe ne mai kaurin babban yatsa biyu, Habibu. Bayan kujerar direba ya karye saboda yadda ya tokare. Na ce ya taka kamar namiji, ya taka.

A wurin zaman makoki, a nan ƙofar gida, wani ya ce, "Yaran yanzu da gudu, sai addu'a." Ni kuma na gyaɗa kai na ce, "Na sha gaya masa." Kalma huɗu. Ban shirya su ba, da kansu suka fito, kuma da suka fito ban janye su ba. Garba yana zaune a ƙarshen tabarma. Ya dube ni, ya tashi, ya sa takalmansa ya tafi. Shekara bakwai ke nan bai gaya wa kowa ba, bai kuma sake yi mini magana ba. In mun haɗu a jana'iza sai ya koma wancan sahun.

Daga kalma huɗun nan maganar ta zauna. Mahaifiyarku har yau in tana yi masa addu'a sai ta ce Allah Ya yafe masa rashin jin maganar ubansa. Ina jin ta ta bango. Kai ma na ji ka kana gaya wa abokinka cewa gudu ne ya kashe yayanka, shi ya sa ba ka wuce tamanin. Na san kwanansa ne ya ƙare, ba sai liman ya tuna mini ba. Amma kwana daban, ƙarya daban. Na ɗora wa mamaci laifina saboda ba zai iya tashi ya musa ba. Duk abin da na yi a rayuwata babu wanda ya kai wannan muni. In ka yi kuskure a wurin aiki, allura ta kashe saniyar wani, ka faɗa a ranar, kafin rana ta faɗi. Ranar farko da nauyi, amma ana iya ɗauka. In ta kwana sai ta yi saiwa, kullum ta ƙara wuyar cirewa.

Da aka jawo motar gida, ni na miƙar da fedar da hannuna kafin kowa ya gani. Kwana takwas da rasuwar na koma Ƙofar Ruwa na sayo altanaton mai famfo. Na kawo shi gida a buhun siminti. Na tsaya a gaban motar da sifana, na kasa. In na ɗaura shi, na yarda ke nan. Sai na tura shi ƙarƙashin gadona. Yana nan. Shekara bakwai a kansa nake kwana.

Na ɗauka motar za ta ruɓe a gindin mangwaro maganar ta ruɓe tare da ita. Sai ga ka ka samu aikin nan, ka ce hanyoyin rugage sai mota mai ja da ƙafa huɗu, ka kawo mai gyaran jiki ya ɗaga rufin, ka sa taya, ka sa batir. Ina zaune a kan benci ina kallonka wata biyu. Kullum ina cewa gobe zan faɗa. Injin kuwa bugu ɗaya ya tashi bayan shekara bakwai, har na ji wani abu kamar alfahari, Allah Ya yafe mini.

Shekaranjiya Litinin ka zaga da ita ka dawo, ka leƙo ta taga ka ce, "Baba, birkin nan da tauri fa." Ka tuna abin da na ce maka? Na ce, "Haka take." Bakina ya riga ni. Ka ce to, ka kashe mota. Na tashi zan yi alwalar la'asar, buta ta faɗi daga hannuna sau biyu.

Ba haka take ba. Ni na mai da ita haka. Na kai Alhaji Gembu sau biyu, na san dutsen nan. Gangarar Riruwai wasa ce a kansa. Kwana ce bayan kwana, dutse a hannu ɗaya, rami a ɗayan, ga hazo. Da birkin nan ba za ka sauko ba.

Ga abin da za ka yi. Gobe Alhamis da safe ka je Tudun Murtala, bayan masu yankan katako, ka tambayi garejin Garba. Ka gaishe shi da ladabi, ka ce Inuwa direba ne ya aiko ka. Ka faɗi direban, zai gane. Ka ce na ce ya zo ya sa famfon. Zai yi maka baƙar magana a kaina, ka bar shi ya yi, yana da gaskiya. Bakinsa ba shi da kyau amma hannunsa babu kamarsa a garin nan. Ni zan fito da buhun in ajiye a gaban motar, ba zan taɓa sifana ba. Ka ce ya duba bututan birki duka huɗu, sun daɗe a zaune, ya ƙara wa sifirin na gaba ganye saboda nauyin injin. In ya gama, ku loda mata buhunan yashi ku fita bayan gari inda akwai tudu ku gwada. Kada ka yarda da gwajin titin GRA, shi ya yaudare ni. In Garba ya ce ba ta yi ba, ka bar ta, ka hau motar haya ranar Asabar, ko da na yi fushi. In ya ce a kira 'yan gwangwan, a kira su.

In kuma ta yi, to ka riƙe wannan daga bakin direba, a nan dai ba a fi ni ba. Giyar da ka hau dutse da ita, da ita za ka sauko. Ka sa ta tun kana sama, kafin hancin mota ya kalli ƙasa. Kada ka kwanta a kan birki, ka taka ka saki. Kada ka ɗora kaya a saman rufi don wani ya roƙe ka. In ka ji wani abu ya canja a ƙafarka, ka tsaya, ko wa ya ce maka haka take.

Idan Garba ya kwance wayar ya zaro fulogin, kada a yar. Ka sa mini shi a hannuna. Da shi zan shiga wurin mahaifiyarku. Ban san me za ta ce ba, ban san ko za ta ƙara kallon fuskata ba. Wannan nawa ne, ba naka ba, kada ka shiga. Kai ma ban ce ka yafe mini ba. In ka ga ba za ka iya yi mini sallama ranar Asabar ba, ka tafi abinka, in dai da birki ka tafi.

Malam Iliya ya ce tun farkon takardar nan yayanka, yayanka nake ta cewa. Ya san al'adarmu, ɗan fari ne, tun ranar suna ban taɓa kiran sunansa da bakina ba. Ya ce amma maganar da aka ɓata da sunan mutum, da sunansa ake gyara ta. Na yi masa faɗa. Sannan na ce ya rubuta.

Nasiru bai yi gudu ba. Nasiru ya ji maganar ubansa. Ka gaya wa abokinka, ka gaya wa duk wanda ka taɓa gaya wa waccan.

Allah Ya jiƙansa, Ya sa matan nan na kan kwalbati su zama hujjarsa ranar gobe. Kai kuma Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya hau da kai lafiya, Ya sauko da kai lafiya, Ya dawo wa mahaifiyarka da kai da ƙafafunka. Amin.

Malam ba shi da tawadar dangwale, na sa yatsana a baƙin man motar na dangwala a ƙasa, don ka san maganata ce.

Mahaifinka,
Inuwa Direba